Baƙin Tukunyar Asibi

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau na tambayi 'yan ajina: in an ƙone shara, ina take zuwa? Baki ɗaya suka ce ta ƙare. Sa'ida, 'yar maƙwabciyarmu Asibi mai waina, ta ce, "Malama, ai shi ya sa ake ƙonewa, don a huta da ita." Ban yi musu dariya ba. Ni ma sai da na shiga kwaleji na daina ɗaukar wuta kamar rami, abin da ya faɗa ya ɓace. Tulin shara ya kai tsayin mutum, a cinna masa wuta, a sami toka cikin kwano. To sauran fa? Yana nan bisa kanmu, yana jira mu ja numfashi.

Faɗa da baki ba ya shiga kamar gani da ido. Na yanka fararen kwalaye, kowace yarinya na ba ta ɗaya. Ta shafa masa basilin kaɗan, ta rataya a gidansu inda ruwan sama ba ya taɓawa, ta dawo da shi mako mai zuwa. Duk abin da ke yawo a iska zai manne. Sun yi ta murna kamar na raba musu alawa. Allah ya sa ƙannensu kada su lashe.

Ni ma na rataya ɗaya a rumfar tsakar gidanmu, jikin tagar ɗakin da muke kwana ni da 'yata Ummulkhairi. Cika sharaɗi ne kawai. Mu tun bara da gas muke girki, saboda asmarta. Na san namu zai fi na kowa fari, har na fara tunanin yadda zan nuna musu ba tare da alfahari ya fito a fuskata ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Ruwa tun safe. Ƙirjin Ummi ya fara fito kamar usur. Na ba ta inhela, ya ɗan lafa.

Baba ya jiyo daga soro. Sai na ji ƙarar alƙalami a kan allo. Mutane daga unguwanni masu nisa suke zuwa Yakasai neman rubutun Gwani Modu, su zauna a tabarma su jira. Jikarsa kuwa ba ta jira. Ya wanke allon a kofinta mai hannu, ya kira ta.

"Amaryata, zo ki sha, kada ki mutu ki bar ni gwauro."

"Kaka, ni fa na ce ba na son tsoho."

"To ki sha ki samu ƙarfin gudu."

Ta shanye tana yatsine fuska, leɓenta baƙi. Ni ban taɓa hanawa ba. Ban kuma taɓa miƙa kofin da hannuna ba. Kullum sai in tuna da wani aiki a kicin. Baba ya lura, na san ya lura. Tun da Inna ta rasu na dawo gidan don in kula da shi, haka muke tafiya: shi da allonsa, ni da inhelata, yarinya a tsakiya tana karɓar duka biyun.

Asabar, 21 ga Yuni

Mijina Umar ya bugo daga Fatakwal. Wai can ma in ya shanya farar riga, da ɗigon baƙi yake kwashe ta.

Talata, 24 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Kwalaye sun dawo. Na jera su a kan tebur, na fito da gilashin nan na hannu mai ƙara girman abu, wanda ya daɗe a kabad ɗin makaranta ba mai taɓawa. Ni na fara leƙawa, sai na manta akwai yara a gabana.

Na ɗauka duk toka-toka zan gani. Ashe kowane gida da irin iskarsa. Kwalin yarinyar da babanta tela ne a Sheshe cike yake da zare siriri, ja da shuɗi da ruwan gwal, sun sarƙe kamar an yi wa kwalin aiki. Na kusa da injin niƙa fari ne sol, amma a gilashi sai ka ga duwatsu ƙanana masu ƙyalli. Na bakin titin Ƙofar Na'isa launin siminti, lallausa, hayaƙin motoci da Adaidaita ya kwanta a kai kamar hoda. Wata da ke kusa da kududdufi ta kawo nata da fiffiken sauro guda, da jijiyoyinsa duka, da wasu 'yan ƙwallaye rawaya masu ƙaya. Garin fure ne. Daga wace bishiya, a cikin birnin nan da ka yi ta tafiya ba ka ga ganye ba? Ya taso daga wani wuri, ya ƙetare ganuwa da rufin kwano da wayoyin lantarki, ya zo ya sauka a kwalin 'yar aji biyu. Subhanallah.

Ajin da ba ya shiru ko shugabar makaranta ta shigo, yau har numfashinsu nake ji. Wata ta ce a hankali, "Malama, duk wannan muke haɗiya?" Na ce duka. Ta ce, "Kuma muna raye."

Sai muka zo kan na Sa'ida. Baƙi ƙirin, mai kauri, yana maiƙo kamar an kwaɓa kwalli da man shanu. A gilashi ba gari ba ne, dunƙule-dunƙule ne masu sheƙi, da wari mai kama maƙogwaro. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Don in rufa mata asiri na yi sauri na ciro namu daga jaka, ban ko duba shi ba tun da na cire shi da safe na naɗe a takarda.

Ƙanin na Sa'ida ne. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Wata daga baya ta ce, "Malama, gas ɗin naki da itace yake aiki?" Ajin ya fashe. Ni ma na yi dariyar, amma tagar Ummi nake gani.

Laraba, 25 ga Yuni

Bayan sallar asuba na hau saman bene. Gari ya fara haske, ƙasa a jiƙe.

Ta kan katanga na hango Asibi tsugune gaban murhu. Ta jera itace, ta ɗauko ledoji daga buhu, irin baƙaƙen nan da na fiya wata, ta murɗe su ta cinna. Ledar tana ci tana ɗigar wuta a kan itacen. Da ta ga bai kama ba ta ƙara da tsinkakken silifa. Hayaƙin bai tashi sama ba. Iskar damina mai nauyi ta danne shi, ya bi katanga kamar mage, ya sauko tsakar gidanmu, ya tsaya daidai tagar.

Na ɗaga kai na dubi birni. Daga nan har gindin Dala, gida-gida, zaren hayaƙi ne ke tashi, wani fari, wani shuɗi, wani baƙi, su haɗu a sama su zama rufi ɗaya. Rana ta fito ta cikinsa jawur kamar garwashi. Abin da kyau, wallahi, shi ne abin tsoron. Duk garin nan a ɗaki ɗaya muke kwana, ba mu sani ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na shiga wajen Asibi bayan makaranta. Na shirya jawabina tun a hanya. Na same ta tana wanke tanda, itacenta jibge a tsakar gida ƙarƙashin wani yagaggen tamfol, ruwa na ɗiga ta ko'ina. Ɗaki ɗaya gare su ita da 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu.

Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malama, taɓa itacen nan." Na taɓa. Kamar an tsamo shi daga randa.

"In ban sa leda ba, sai hantsi wuta ba ta kama ba. Masu sayen waina sun wuce, ƙulli ya yi tsami. Kananzir kuwa, ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Kin ɗauka ni ina jin daɗin warin? Ji ƙirjina." Ta yi tari, mai zurfi. Sannan ta ce, "Ummin ce ko? Wayyo, 'yar nan. Da ina da inda zan kai murhun da na kai."

Ta zuba mini waina a leda, ta hana ni magana. Na ci a gida. Da daɗi ƙwarai, shi ya ƙara ɓata mini rai.

Na mayar da shimfiɗar Ummi ɗakin Inna, wanda tagarsa ke kallon lungu.

Lahadi, 29 ga Yuni



Da hantsi ina shara sai ga Sa'ida da gwangwanin madara a hannu, ta nufi soro. Na ce mene ne? Ta ce, "Na Baba Gwani ne. Baƙin tukunya, na tawada." Ta buɗe mini. Wannan warin. Wannan maiƙon.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun bara, duk sanda gindin tukunyar miya ya yi kauri, innarta takan kankare ta aiko.

Tun bara. Na zauna a bakin rijiya na haɗa abin. Duk zaman aurensu Inna ce take kankare wa Baba gindin tukunyarta da bayan wuƙa, shi kuma ya kwaɓa da ƙaro da ruwa ya cika kurtunsa. Ina yarinya na sha ganinta tana yi, yatsunta baƙi, tana yi masa tsiya da Barbarci. Da na kawo gas na yi ta murna tukwanenmu suna ƙyalli kamar na kanti. Ban taɓa tambayar kaina daga ina tawada za ta fito ba. Shi kuma bai ce mini uffan ba. Ya ga 'yarsa ta yi abin kirki don jikarsa, sai ya aika maƙwabta a ɓoye.

Ke nan hayaƙin da na kora ta taga, ta ƙofar soro yake dawowa, a cikin gwangwani. A rubuta ayoyin Allah da shi, a wanke, a ba Ummi. Da ita da duk mai zuwa neman rubutu.

Gaskiya ban san iya abin da yake yi a ciki ba. Ba ni da wurin gwaji, ba zan ƙirƙiri abin da ban sani ba. Amma na san mene ne: ledar kwata da silifar bola.

Talata, 1 ga Yuli

Ta yaya 'ya za ta ce wa Gwani Modu tawadarsa ba ta da tsabta? Duk yadda na juya maganar a raina, sai ta fito kamar rubutun nake zagi. Zai ji cewa boko ta zo har soronsa ta tsaya da takalmi.

Umar ya ce in ɓoye gwangwanin. Na ce ai sai Sa'ida ta kawo wani. Ya ce to in bi a hankali. Daga Fatakwal komai da sauƙi.

Ummi lafiya yau. Ina addu'a kada ta yi tari kafin in sami bakin magana.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ba ni na yi ba. Ko kuma rabi ni ce.

Na zo da gilashin da kwalayen gida don in shirya darasi, na bar su a kan tabarmar rumfa. Ban ɓoye ba, iyakar abin da zan ce ke nan. Ummi ta ɗauki gilashin ta ruga soro.

"Kaka, tsaya in ga gemunka. Kai, igiyoyi ne."

"Kawo nan, marar kunya. Mace ba ta bincike a gemun mijinta."

Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na leƙa. Baba ya ɗora gilashin a kan wata tsohuwar takarda ta rubutun mahaifinsa, wadda ya daina karantawa tun da idonsa ya raunana. Bakinsa yana motsi. Ya ɗaga, ya mayar, ya ɗaga. Ya duba tafin hannunsa. Ya bi wata tururuwa da shi har ta shige rami. Ya ce, "Luba, ashe tana da gashi a ƙafa." Muryarsa kamar ta yaro. Ya yi ta tasbihi a hankali.

Ummi ta kwaso masa kwalayen. Na durƙusa gefe na yi masa bayani kamar yadda na yi wa ɗalibai, sai dai murya ƙasa. Ya daɗe a kan fiffiken sauron. Garin furen ya sa shi murmushi, ya ce iska ma aike take ɗauka. Har ya zo kan baƙin.

"Wannan na ina ne?"

"Na gidan Asibi, Baba."

"Me take ƙonawa?"

Na faɗa masa. Leda, silifa, abin da yara suka tsinto a lungu. Itacenta a jiƙe yake, ba ta da yadda za ta yi. Ban ambaci tawada ba, ko da harafi ɗaya.

Ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo gwangwanin. Ya ɗebi kaɗan ya zuba a farar takarda kusa da kwalin, ya ɗora gilashi a kan wannan, ya ɗora a kan wancan. Ya murza tsakanin yatsunsa, ya ga yadda yake danƙo. Ya ce, shi da kansa yake magana, "Na ce alƙalami yana ja mini tun bara. Na ɗauka hannuna ne ya tsufa."

Ya tashi ya yi alwala, ya wanke yatsun nan ya sake wankewa, ya tafi masallaci tun ba a yi kiran farko ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ya zubar da tawadar, ya wanke kurtu ya kife. Mutum uku ko huɗu sun zo neman rubutu, ya yi musu addu'a ya sallame su.

Da yamma amininsa Malam Nata'ala ya zo, Bafulatanin nan da ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tsiya. Ina jin su daga rumfa.

"Gwani, an ce ka rufe kanti. Ko Barebari sun gama ayoyin ne?"

"Ayoyi suna nan. Tawada ce babu."

"Sayi ta kwalba mana, ga ta nan a kasuwa."

"Ka san abin da ke cikinta?"

"A'a."

"To ni na san abin da ke cikin tawa, shi ya hana ni barci. Kai je ka sha nono."

Malam Nata'ala ya yi dariya, Baba bai taya shi ba. Da ni ma bai yi magana ba sai amsa gaisuwa. Ban san ko fushi yake da ni, ko da kansa.

Laraba, 9 ga Yuli

Asibiti. An yi ruwa, gari ya waye da hayaƙi kwance a ko'ina, ba na Asibi kaɗai ba, wani ya cinna wa bolar bakin kududdufi wuta. Canjin ɗaki bai hana komai ba. Ina shirin makaranta Ummi ta kasa ƙarasa kalma. Inhela sau biyu, ba canji. Kafaɗunta suna ɗagawa, leɓenta ya fara sauya launi.

Na saɓe ta na fito. A soro Baba yana tsaye da allo a hannu ɗaya, alƙalami a ɗaya, kurtu a kife a gabansa. Ban taɓa ganin hannun nan ba shi da abin yi ba. Ya ajiye allon, ya ɗora tafinsa a kanta ya yi karatu da sauri, ya ce, "Tafi, kada ki tsaya."

A cikin Adaidaita, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta ce, "Kaka bai ba ni ba. Ya yi fushi da ni?"

Na ce a'a. Na ce tawada ce ta ƙare. Na ji kamar ni na zubar da ita.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sun sa mata abin shaƙa a fuska, numfashi ya dawo. Likita ta ce a nisanta ta da hayaƙi. Na ce to. Ban tambaye ta a wane gari ba.

Asabar, 12 ga Yuli

An sallame mu. Na tura ƙofar soro da ƙafa, Ummi a kafaɗata, sai na ɗauka gidan wasu na shiga.

Soron Baba, inda ko keken yayana ba a taɓa bari ya kwana ba, inda Inna kanta sai ta yi sallama take shiga. Rabin ɗakin itace ne, an jera shi tsaf har kusan taga. Akwatin littattafan da kakanmu ya zo da shi daga Borno, wanda na buɗe ido na gan shi a wannan kusurwar, babu shi. Yana ɗakin kwanan Baba. Shi kuma yana zaune a ɗan wurin da ya rage, gwiwarsa tana taɓa itace.

"Amaryata ta dawo. An ce kin je kin ga likitoci samari."

"Kaka, me ya sa ka zama mai itace?"

"Sadakinki nake tarawa."

Asibi ce ta ba ni labari da na shiga wajenta, tana yi tana rufe fuska da mayafi. Ranar da muka tafi asibiti Baba da kansa ya yi sallama a ƙofarta, abin da bai taɓa yi ba. Ta ɗauka korar ta za a sa a yi daga unguwa. Ya tsaya daga waje ya ce, "Asibi, tukunyarki ce take ciyar da alƙalamina, don haka wutarki tawa ce. Itacenki yana jiƙewa, sorona a bushe yake. A kwaso." Ta ce ta yi ta rantsuwa ba za ta iya ba, ya ce shi bai zo shawara ba.

Ni da na yi ta neman kalmomin da zan faɗa masa. Na tsaya a tsakar gidan Asibi ina kallon inda tamfol ɗin yake a da.

Litinin, 14 ga Yuli

Busasshen itace ma yana son abin kunnawa. Na kai maganar aji. Wata ta ce totuwar masara, kakarta a ƙauye da ita take hura wuta. Ga masu gasa masara a kowane lungu yanzu, totuwa tana toshe kwata. Kafin a tashi sun raba unguwanni a tsakaninsu. Sa'ida, wadda ta sunkuyar da kai ran nan, ita ce mai rabon.

Laraba, 16 ga Yuli

Ni da Asibi mun kife babbar tukunyar miya, mun dirje gindinta da yashi da toka har farin ƙarfe ya fito. Bayana kamar zai karye. Ta ce, "Malama, ashe hannun alli ma yana iya dirza." Yanzu sai jira, sabon baƙi ya taru daga wutar itace zalla.

Malam Nata'ala ya leƙo soro ya ga buhunan totuwa kusa da itace. "Gwani, saura ka kawo akuya." Wannan karon Baba ya yi dariya har da tari.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na hau bene da safe. Hayaƙin Asibi fari ne, siriri, ya ɗan yi jim ya tashi. Sauran birnin yana nan yadda yake.

Asabar, 2 ga Agusta

Jiya Asibi ta aiko cewa gindin tukunya ya yi. Ta ce za ta kankare ta ba Sa'ida. Na ce ta bari, ina zuwa, don in duba da gilashi kafin ya isa wajen Baba. Dalilin da na ba ta ke nan.

Na ɗauki wuƙar Inna, mai ƙotar da aka ɗaure da waya. Baƙin ya zubo a takarda kamar gari, a bushe, ba maiƙo, ƙamshin murhu kawai. A gilashi lallausa ne, ba ya sheƙi. Na kai soro. Baba ya duba da kansa, yanzu gilashin ba ya barin aljihunsa, sai na saya wa makaranta wani. Ya murza, ya sunsuna. Sai ya turo mini ƙaro da ɗan kasko.

"Jiƙa wannan. Kada ki cika ruwa. Uwarki kullum sai ta cika."

Ban san ita take kwaɓawa ba. Na ɗauka kankarewa kawai take yi. Ya nuna mini yadda ake juyawa da yatsa har ya daina ƙulalai, yadda ake ɗiga shi a farce a ga ko zai tsaya. Ya tsoma alƙalami, ya ja layi ɗaya a allo. Alƙalamin ya tafi sumul, ba ƙara. Ya daɗe yana kallon layin.

Ummi ba ta tari yau, amma ya ce bashi ne, sai ya biya amaryarsa. Ya rubuta, ya wanke a kofinta mai hannu. Ta tafi wasa tsakar gida, ya ce ƙafarsa ta yi tsami, itace ya tare hanya. Ni ce a kusa. Kai mata kawai na yi, ba wani abu ba. Na jira ta shanye don in dawo da kofin.

Inhela tana cikin jakarta, tana nan kuma. Sabon kwalin da na rataya a taga ya fito launin toka, ba fari ba. Ba zai yi fari ba muddin bolar kududdufi tana ci, da janaretoci, da titi. Amma na ajiye shi kusa da na farko, na daɗe ina kallon su biyun.

Baba ya ce in yanka masa kwalaye masu yawa, in haɗa da basilin. Zai raba wa malaman da suke haɗuwa bayan Juma'a, don ya tabbata ba shi kaɗai yake karɓar baƙin tukunya daga maƙwabta ba. Na farko na Malam Nata'ala ne. Wai ba zai yi masa bayani ba, zai ce masa kawai ya rataya.

Baƙin bai fita daga gefen farcena ba, na wanke da sabulu har sau nawa. Ummi ta ce hannuna ya zama irin na hoton Inna.

Ummi, in wata rana kin girma kin tsinci littafin nan a cikin kayana, kada ki yarda da ni don ni na faɗa. Yanki farin kwali, ki shafa masa mai kaɗan, ki rataya a tagar ɗakin da 'ya'yanki suke kwana. Ki bar shi kwanaki. Sannan ki ɗauko gilashin kakanki, in ya bar miki, ki duba da idonki.